Ranar Cire Tokara

Motar Alhaji Almustapha ta tsaya a bakin ginin tun kafin leburori su gama shan kunu. Maiwada, mai kamfanin da ke ginin, ya leƙo ya gan ta. Ba yau suka yi da shi ba.

Duk mai harkar gini daga Funtua zuwa Malumfashi ya san halin Alhaji. Idan zai ɗauki ƙaramin kamfani su haɗa kwangila, ba ruwansa da takardu ko daɗin baki. Zuwa yake ranar da za a cire sandunan da suka tokare dekin, wato rufin kankare, ya sa mai kamfanin ya tsaya a ƙarƙashi har a zare ta ƙarshe. In ji shi, mai tuwo shi ke fara ɗanɗana miyarsa.

Yanzu ga aikin manyan sito na masara ya faɗo hannunsa, yana neman abokin tafiya. Kamfanin Maiwada da Bitrus kuwa wannan benen ne aikinsa na ƙarshe. In Alhaji ya juya baya, sai a sauke allon sunan kamfani, kowa ya koma ƙwadago a gonakin mutane.

Maiwada ya shiga ƙarƙashin dekin. Bitrus, kafintan da suka kafa kamfanin tare, yana tsaye a damansa kamar kullum, da tsohuwar rigarsa shuɗiya da ƙurar siminti a ka. Shi dama ba ya gaisawa da baƙi, baƙi ma ba sa kula shi.

Damina ta yi nauyi bana, kankaren bai gama kamawa ba. Amma wa zai ce da arziki ya koma sai jibi? Mudi, shugaban leburori, ya ɗaga guduma yana jiran umarni.

Maiwada ya dubi damansa. Bitrus ya ɗaga kai ya kalli rufin, sannan ya girgiza kai a hankali. Wani sanyi ya ratsa Maiwada har ƙashi, tsoro ya kama shi irin wanda ya daɗe da sani.

"Aje gudumar nan, Mudi." Ya fito ya nufi Alhaji. "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri. Kankaren bai nuna ba. Ba za a cire yau ba."

"Tun daga Funtua na taso, Malam Maiwada."

"Ko daga Makka ne, Alhaji."

Sai Alhaji ya yi murmushi, ya miƙo hannu. "Da gangan na zo da wuri. Wanda zai zare tokara don ya burge ni, ba ni haɗa aiki da shi. Mun ƙulla. To ina Bitrus ɗin da sunansa ke jikin allo? Kira min shi mu gaisa."

Idon Maiwada na can ƙarƙashin dekin, inda ba kowa sai sanduna.

Mudi ne ya sunkuyar da kai ya amsa. "Alhaji, ai Bitrus ya daɗe kwance a maƙabartar coci ta Kafur. Dekin wani gini ne ya rufto mashi, ranar da maigida ya sa aka cire tokara da wuri don wani babban baƙo irinka ya gani."