Hannun Kaka Mai Warin Daddawa

Labaran aljanun da ake turo mini a waya dariya suke ba ni. Masu rubuta su ba su taɓa ji da kunnensu ba.

Ina yarinya, muna roron wake a gonar Kaka da tsakar rana, sai aka kira sunana daga gindin tsamiya, da muryar Innata sak. Na buɗe baki zan amsa, Kaka ta toshe shi da hannunta mai warin daddawa.

"Kul!" ta ce ƙasa-ƙasa. "Ba a amsa kiran wanda ba a gani ba."

Sai na tuna tun jiya Inna ta tafi biki garin Kunci.

Har yau in aka kira ni ta baya, warin daddawa nake fara ji.