Bisimilla a Kowane Shafi

Kwana uku Muttaka, malamin gona, yana fama da manhajar tsara rubutu. Bara takardun laccarsa a hannun mai ƙosai suka ƙare, saboda haka bana ya ɗora Bisimilla a saman kowane shafi.

“Sai in ga mai naɗe ƙosai da sunan Allah!”

Aka tashi daga taron manoman rake a Kudan, ko takarda ɗaya babu a ƙasa. Muttaka ya fito yana ƙasaita, sai ya hangi hayaƙi bayan ɗakin taron. Baba Datti, shugaban manoman, ne a tsugune yana tura takardun cikin wuta.

“Sannu da ƙoƙari, Malam. Kaf muka tattaro su, kada yara su taka sunan Allah.”