Allurar Farfesa Rinzema

Wata uku likita ya ba idon Marrit na hagu. Na daman kam ya tafi tun bara, ya bar ta da shagon gyaran kekuna a garin Leeuwarden inda ko ƙaramin noti ba ta iya ɗaurawa sai da lalube.

Likitan bai yi mata kwana-kwana ba. Fatar da ke can bayan idon ce ke ɓarewa, kuma a irin nata ciwon abu ɗaya ne ke liƙe ta, wata allura da ta fi gashi siranta. Wanda ya ƙera ta shi ne Farfesa W. Rinzema. Shekara talatin ya yi yana fiɗar ido a wani babban asibitin koyarwa, ya yi rajistar ƙirƙira goma sha ɗaya da sunansa. Goma ya sayar wa kamfanoni. Ta sha ɗayan, wato allurar, ya kwanta a kanta kamar kaza kan ƙwai. Bai ba kowa izinin ƙera ta ba, bai nuna wa ko ɗalibi ɗaya yadda ake riƙe ta ba. In zai yi aikin ma, sai ya kori ƙananan likitoci daga ɗakin. Shekara biyu da suka wuce ya ajiye aiki ba sallama, ya yi gaba da allurarsa.

Wasiƙa bakwai Marrit ta aika asibitin. Amsar ɗaya ce: Farfesa ya yi ritaya, doka kuma ta hana a ba da adireshinsa.

Sai aka tura ta cibiyar da ake koya wa masu rasa gani tafiya da sanda, duk ranar Talata. Wannan ya fi komai ƙona mata rai. Tun ba ta makance ba, ana koya mata makanta!

A can ba mai tambayar sunan gidanku, sunan yanka kawai, da kofi, da biskit ɗai-ɗai. Nan ta haɗu da Wiebe, wani dattijo mai gemu da motar cibiyar ke ɗaukowa daga nesa. Shi nasa idanun sun gama mutuwa duka biyun. Shi ya koya mata zuba kofi da yatsa a bakin kofin. Hannunsa ba ya ko rawa.

"Walƙiyar nan da kike gani, ta gefen hanci take zuwa ko ta gefen kunne?" ya tambaye ta wata rana.

"Kai, Wiebe, ka cika bin ƙwaƙƙwafi. Ko likitana bai tambaye ni wannan ba."

"Zaman asibiti ne, yarinya. Wanda ya daɗe a layi ai rabin likita ne."

Ashe ciwonsu ɗaya.

"Kai ma wannan mugun bai duba ka ba?" in ji ta.

"Ni ma bai duba ni ba."

Daga nan Talata ta zama ranar tsine wa Rinzema. Marrit ta zage shi tas, ta kira shi marowaci, mai baƙar zuciya, wanda ya fi son sunansa a takarda a kan idon mutane. Wiebe bai taɓa tare masa faɗa ba. Yakan dai gyaɗa kai ya ci gaba da shan kofinsa.

Da saura mako shida, duhu ya riga ya cinye rabin abin da take gani. Fuskokin mutane sun koma tamkar ta bayan gilashin da ya yi raɓa. Ta rufe shagon. A ɗakin karatu na gari wata ma'aikaciya ta tausaya mata, ta lalubo takardar rajistar allurar. Can ƙasa, kamar yadda ake yi wa kowane mai ƙirƙira, an rubuta inda yake zaune, wani ƙauye a bayan ganuwar da ke tare teku.

Marrit ta garzaya ta kai wa Wiebe albishir.

"Kada ki je," ya ce.

"Ka ji ka! Kai ka riga ka sallama, ni ban sallama ba."

"Marrit, don Allah. Ki bar shi."

"Hassada ce ke cin ka, tsoho. Ba ka so in warke in bar ka."

Ta san ta faɗi abin da bai kamata ba, amma ba ta ba shi haƙuri ba. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Ranar Alhamis ta hau jirgin ƙasa, ta sauka ta hau bas, sannan ta taka kilomita biyu a cikin ruwan sama, tumaki na kuka a gefen hanya. Sau biyu tana faɗuwa kafin ta haƙura ta zaro sandar da ta rantse ba za ta riƙe a bainar jama'a ba. Tana tafe tana bitar abin da za ta ce. Za ta sa hannu a kowace takarda. In idon ya mutu a hannunsa ta yafe. In durƙusawa yake so, za ta durƙusa a cikin taɓo. Ta san bayan wannan ƙofar babu wata.

Gidan na can ƙarshen layi. Hadari ya rufe garin ruf, kowane gida ya kunna fitila, ban da shi. Ta shafa allon ƙarfen da ke jikin ƙofar har yatsunta suka karanto Rinzema, sannan ta danna ƙararrawa.

Aka daɗe. Can ta ji taku a hankali, da ƙarar hannu yana bin bango. Ƙofar ta buɗe.

"Farfesa," ta fara, "sunana Marrit, idona ɗaya ya rage..."

"Na sani," in ji muryar Wiebe. "Shigo daga ruwan nan. Allurar tana cikin aljihun tebur, amma duk duniya ni kaɗai na iya ta, ni kuma kin ga yadda nake."