Alhamis ɗin Iya

Da na leƙa bayan ɗakin inji, sai ga Iya zaune a kan tabarma, ita da ta ce mana ta tafi kasuwar Maigatari.

A ƙungiyarmu ta mata masu tatsar man gyaɗa a Gumel, ita kaɗai ta san kan injin nan. Mu namu suya ne da jira. Tun bayan Sallah ta tsiri zuwa kasuwa duk Alhamis, ranar da aiki ya fi yawa, ta bar mu da sifana muna gardama, muna ɓarin mai. Abin da ya ɗaure mini kai, ko ƙullin barkono ba ta taɓa dawowa da shi ba.

"Iya, nan ce Maigatarin?"

Ta ɗora yatsa a leɓe. "Zauna, 'yar nan. Saurara."

A ciki injin ya yi tari, ya mutu. Wata ta ce filta ce, wata ta rantse bel ne. Hannun Iya ya zabura daga kan gwiwarta kamar zai shiga shi kaɗai. Ta danne shi da ɗayan.

Can sai injin ya ɗauka, sumul.

Ta goge fuska da bakin mayafi. "Likita ya ce idanun nan ba za su kai kaka ba. Kada ki faɗa musu tukuna, akwai sauran koyo. Alhamis mai zuwa ma ina Maigatari."