Karkatattun Haruffa

Ranar sha huɗu ga watan Agusta gari ya waye da yayyafi, maigidan kuma ya tashi ƙafafunsa a kumbure har takalmi ya ƙi shiga. Likitan ƙoda yake bukata. Babban asibiti ya daina ba da kati a bakin ƙofa, sai dai a kama gurbi ta shafinsu na intanet, wanda ake buɗewa sau ɗaya kowace safiya.

'Yarsu, malamar makaranta, ita ke wannan kokawa kafin ta fita aiki. Shafin yakan tsayar da ita da tambaya, wai ta tabbatar ita mutum ce. Kafin ta gama amsawa gurabe sun ƙare. Da rana kuma sai ga 'yan kamasho a bakin asibiti suna sayar da su a kan farashin da ya fi ƙarfin gidan.

"Yau ma?" in ji uban daga kan gado.

"Yau ma, Baba."

"Anya ba aljana muka haifa ba? Kullum a tambaye ki ko ke mutum ce, kullum ki faɗi jarrabawa."

Ya fara dariya, tari ya sarƙe shi.

Uwar ba ta taɓa leƙa shafin ba. A wannan lokacin tana kicin, tabarau a hanci, tana kan nata aikin. Tsohuwar mai buga takardu ce a ofis. Bayan ritaya ta samu wani aiki ta intanet: a turo mata rubutu a hoto, ta buga shi daidai, a biya ta. Ba ta san mai turowa ba. Aikin yakan yi sanyi duk yini, amma da safe sai ya zubo babu sarari, ita kuwa hannunta bai mutu ba. Da shi ake sayen magani.

A ƙarshen Satumba maigidan ya rasu, bai ga likitan ba.

Maƙwabcinsu mai gyaran kwamfuta ya zo gaisuwa. "Mama, ba mutane ke riga ku ba," in ji shi. "Manhaja 'yan kamashon ke sakewa. Tambayar nan ce kaɗai ke tare ta, ita ma suna da masu amsa mata."

Uwar ta daɗe tana juya maganar kafin ta rubuta wa shugaban asibitin. Ta roƙi a nemo masu amsawar a hukunta su. Ta ce ita dai ba ta yafe ba. 'Yar ta bugo hoton shafin, ta naɗe shi, ta ba ta don a haɗa a matsayin shaida.

A gidan waya uwar ta warware takardar kafin ta sa a ambulan. Tambayar ce a jiki: haruffa ne karkatattu, wani shuɗin layi ya ratsa ta cikinsu. Ta tsaya har mai hatimi ya ce, "Baiwar Allah, lafiya?"

Ta liƙe ambulan ɗin, ta jefa a akwati, ba ta goge kalma ko ɗaya ba. Irin waɗannan haruffa take amsawa kowace safiya a kicin, bango ɗaya tsakaninta da gadon mijinta.