Amsar Rabi'atu a Babin Ƙarshe

Rabi'atu ta tarar da Audi a bakin kogin Abu Na'ama yana wanke taraktarsa. Wata biyu ke nan da ya nemi aurenta, ba ta ce uffan ba, sai labarinta take saki a Fesbuk babi-babi.

Ta miƙa masa waya. "Babin ƙarshe ne. Karanta kafin kowa."

Ya karanta a hankali, don ya fi sabawa da Larabci. Da ya kai inda yarinyar labarin ta amince wa direban tarakta, sai ya ɗago ido.

"Wannan direban..."

"In saki ko in goge?"

"Yalla, saki!" Muryarsa har tsallaken ruwa. "Gobe baffannina na gidanku!"

Ta danna, tana rufe fuska da mayafi.