Reshen Magaryar Kura

Har tukunyar mai dafa abinci sai da Velaphi Mthembu, shugaban masu gadi, ya sa aka juye. Tun ranar da aka kashe karkanda a gandun dajin aka sare ƙahonta, babu abin da ya fita ta ƙofa bai sha lalube ba: jakunkunan masu yawon buɗe ido, motar kwasar shara, har rigar fasto. Ƙahon dai shiru, kamar an shuka dusa.

Mafarauta biyu ne suka shigo. Ɗaya ya sha da ƙyar ta ƙarƙashin wayar shinge mai ƙaya, masu gadi na kallonsa, ko wuƙa bai fita da ita ba. Na biyun, wani saurayi mai suna Phakamani, harsashin Velaphi ya same shi a bakin rafi, shi ma ba a ga komai a jikinsa ba. Ke nan ƙahon yana cikin gandu. Mai gandun kuwa, Baturen da ya fi ƙaunar karkandarsa a kan 'ya'yan cikinsa, ya faɗa ba da wasa ba: ko ƙaho ya fito, ko shugaban masu gadi ya koma kiwon awakin ubansa.

"Ko allura ba ta fita nan sai da sanina," in ji Velaphi, yana bugun ƙirji.

Akwai dai abin da bai gaya wa kowa ba. Shi mutum ne mai zuwa coci da kwat da laktaye, mai kiran al'adun kakanni shirme a gaban jama'a. Amma kamar kowane Bazulu, ya san wanda ya mutu a daji kurwarsa tana nan inda ya faɗi, sai danginsa sun zo da reshen magaryar kura sun ɗauke ta. Kurwar da aka bari kuwa ba ta rasa wanda za ta bi. Gwarzon namu ya rame, ya daina bi ta bakin rafi. Tsoro yake ji, tsoro na gaske.

Don haka da wata mota mai sheƙi ta tsaya a ƙofa da hantsi, wata dattijuwa cikin baƙaƙen kaya ta fito riƙe da reshen magaryar kura da bargo, saura kaɗan ya rungume ta. Wani ƙato mai hannuwa duk karcen ƙaya yana tallafe da ita.

"Baba, ni ne kawun marigayi," in ji ƙaton. "Ga mahaifiyarsa. Mun zo mu kai shi gida."

"Kun yi wa kanku gata," in ji Velaphi, yana ɗaure fuska don kada murna ta tona masa asiri. "Da kun tarbiyyantar da shi, da ba ku sha wannan tafiya ba."

Da kansa ya raka su. Kawun ne ma ya shige gaba, bai ko yi tuntuɓe ba. Da suka isa bakin rafi Velaphi ya nuna inda yaron ya faɗi, amma dattijuwar ta wuce abinta, ta gangara wajen wani ramin dabgi a gindin itace.

"Nan ne fa," in ji Velaphi.

"Haba Baba, kurwa za ta zauna cikin rana?" in ji kawun. "Uwa ta san inda ɗanta yake. Ku ɗan juya baya, yana jin nauyinku."

Masu gadi suka juya, shugabansu ya riga kowa. Suna ji tana kiran sunan yaron, tana lallashi, tana cewa ya tashi a tafi gida. Da suka waiwayo ta naɗe reshen cikin bargo, ta rungume shi da hannu bibbiyu, tana tafe tana nishi. Velaphi ya girgiza kai cike da tausayi. Ashe baƙin ciki ma nauyi gare shi.

Dokar abin sananniya ce. Mai ɗauke da reshe ba ta magana da kowa sai mamacin, ba ta waiwaye, ba a tare ta. In aka katse ta, kurwar ta sauka a nan, kuma nan za ta zauna. Haka suka dawo tana yi wa bargon bayani: ga rafi mun haye, ga tudu za mu hau.

A bakin ƙofa karen da aka horar don shinshinar kaya ya haukace da haushi, yana fizgar sarƙa. Zibuyile, mai gadin da ke riƙe da shi, ta miƙa hannu wajen bargon.

"Ke! Ba ki da iyaye ne?" Velaphi ya daka mata tsawa. "So kike ya sauka a ƙofar ofishina?"

"Shugaba, karen nan ba ya haushin banza."

"Kare yana ganin abin da ba kya gani. Janye shi!"

Shi ya buɗe musu mota, shi ya gyara wa marigayi kujerarsa, shi ya ɗaga ƙarfen ƙofa. Har hularsa ya cire sai da suka ɓace.

Ranar ya ci tuwon masara da gasasshen nama kamar wanda ya tashi daga jinya. Ya tara yaransa ya yi musu lacca a kan girmama al'ada, sannan ya ba da umarni gobe a sake kwance motar shara, don shi jikinsa yana ba shi ƙahon nan bai yi nisa ba.

Da la'asar Zibuyile ta leƙo ta ce ana sallama. A bakin ƙofa wata mata ce tsaye ita kaɗai, siririya, takalminta ya tsinke, idanunta sun kumbura don kuka. Motar haya ta sauke ta a babban titi, ta ƙaraso da ƙafa. A hannunta akwai ɗan reshen magaryar kura.

"Ɗana, ka yi haƙuri na makara," ta ce wa Velaphi. "Ni ce mahaifiyar Phakamani. Ba shi da kowa a duniya sai ni, na zo in kai shi gida."